Daga Kagara Zuwa Teburin Mai Zane: Littattafan da Masu Karatu Ke Fatan Gani Cikin Zane

Tsakure

Wannan takarda ta dubi wani buri da ya daɗe a bakin masu karatu, wato a sami gwanin zane ya ɗauki littafin da suka tashi da shi ya mayar da shi labarin zane. An taƙaita nazarin ga ayyukan marubuta biyar da aka haifa a ƙasar da yau ake kira Jihar Neja: Abubakar Imam, Muhammadu Bello Kagara, Cyprian Ekwensi, Abubakar Gimba da Ben Okri. Da'awar takardar ita ce yawan ƙaunar da ake yi wa littafi ba ya nuna dacewarsa da zane. Abin dubawa shi ne me marubucin ya bari a rufe wanda sai hoto zai buɗe shi. A kan wannan ma'auni, Ganɗoki ya fi Magana Jari Ce cancantar a fara da shi, ko da yake shi ne zai fi ɗora wa mai zane nauyi.

Gabatarwa



Duk inda masu karatu suka sami wanda Allah ya hore wa hannun zane, da wuya hira ta watse wani bai ce masa ba, "Don Allah yaushe za ka zana mana Magana Jari Ce?" Wani ya ce a'a, Ruwan Bagaja. Wani ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda kuma ya fi sabawa da littattafan Turanci na sakandare ya ce The Passport of Mallam Ilia. Roƙon ba namu ne mu kaɗai ba, kuma a wasu ƙasashen an daɗe da amsa shi. A Amurka, Albert Kanter ya fara fitar da jerin da daga baya aka sani da Classics Illustrated tun 1941. A Japan, Osamu Tezuka ya zana littafin Dostoyevsky na laifi da hukunci a 1953. A Indiya, Anant Pai ya kafa Amar Chitra Katha a 1967 saboda ya ga yaran ƙasarsa sun fi sanin tatsuniyoyin Girka a kan nasu. A Faransa, Jacques Ferrandez ya zana L'Étranger na Albert Camus a 2013, sannan Damian Duffy da John Jennings suka fitar da Kindred na Octavia Butler a 2017.

A nan gida ma sana'ar ta kafu. Comic Republic na Legas yana aiki tun 2013. Roye Okupe ya gina Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Elnathan John, ɗan Kaduna, ya haɗa hannu da mai zane Alaba Onajin suka fitar da On Ajayi Crowther Street a 2019. A Arewa muna da irin su Mustapha Bulama, wanda zanensa na siyasa a jaridar Daily Trust ya sa ko wanda bai damu da karanta sharhi ba yakan buɗe shafin don ya ga wa aka taɓa yau. Amma yawancin waɗannan ayyuka sababbin labarai ne, kuma da Turanci. Yaron da ya shiga kasuwar Kure ta Minna a yau yana neman Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja a cikin littafin zane da Hausa, zai sha yawo.

Na zaɓi in yi wannan magana a kan marubutan ƙasar Neja ne don da wuya a sami wata jiha da ke da irin wannan taska. Kagara ta haifi Bello a 1890 da ƙanensa Abubakar Imam a 1911, kuma a cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da jami'in mulkin mallaka Rupert East ya shirya a 1933, biyu na gidansu ne, wato Ganɗoki da Ruwan Bagaja. A nan Minna aka haifi Ekwensi a 1921, aka haifi Ben Okri a 1959. Abubakar Gimba, wanda ya shugabanci Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya daga 1997 zuwa 2001, ɗan ƙasar Lapai ne, amma a nan Minna ya yi yawancin rayuwarsa ta rubutu.

Abin da zane ke iyawa da abin da yake kashewa

Labarin zane ya bambanta da littafi mai hotuna. A littafi mai hotuna, in ka cire hoton labari bai ragu ba. Haka zanen da Bruce Onobrakpeya ya yi wa An African Night's Entertainment na Ekwensi yake, kyakkyawa ne amma rakiya yake yi. A labarin zane kuwa, shafi ne ake rabawa gida-gida, kowane gida da hotonsa, kuma hotunan ne ke ɗauke da labarin. Scott McCloud, a littafinsa na 1993, ya nuna cewa babban aikin yana faruwa ne a ratar da ke tsakanin gida da gida. A gida na farko an ɗaga takobi, a na biyu tsuntsaye sun tashi daga kan kuka. Ba a zana saran ba, mai karatu ne ya yi shi a zuciyarsa. Yana tafiya ne kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu, mai zane ya dasa duwatsun, tsallen kuwa nasa ne.

Linda Hutcheon, a nazarinta na 2006 kan juya aiki daga wata siga zuwa wata, ta ƙi yarda a riƙa auna sabon aiki da yadda ya bi na asali sau da ƙafa. A wurinta kowane juyi sabon karatu ne, kuma mai juyin yana da abin da yake faɗa. Na yarda da ita, amma ina so in ƙara wani abu da ya shafe mu musamman. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Masu roƙon a zana musu littafi suna faɗin wannan magana da murna, ni kuwa tsoro take ba ni, domin yawancin littattafanmu na farko an gina su ne a kan ji. Muryar mai ba da labari, da salon zancensa, da karin maganar da yake jefawa, su ne jarinsu. In gani ya zo ya kori wannan, me ya rage?

Saboda haka tambayar da nake yi wa kowane littafi guda biyu ce. Ina ƙarfinsa yake, a baki ko a ido? Sannan akwai abin da ya ambata ya wuce, wanda hoto zai tilasta mana mu tsaya mu duba?

Littafin da kowa ke fara ambata

Magana Jari Ce ya fito cikin littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, kuma babu wani littafin zube na Hausa da ya kai shi shiga gidaje. An karanta shi a aji, an karanta shi a rediyo, gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da shi wasan kwaikwayo a shekarun 1980. Ba abin mamaki ba ne ya zama na farko a jerin buri.

Wasu labaran cikinsa kamar don zane aka rubuta su. Ku ɗauki na Kalala da Kalalatu: matar ta cinye kajin baƙo, ta tsorata baƙon da cewa kunnensa ake nema, miji ya fito da wuƙa yana bin sa da gudu yana roƙon a bar masa ko da ɗaya. Daɗin labarin shi ne mai karatu ya san abin da kowannensu ke nufi, su kuwa ba su sani ba. Zane ya iya wannan ƙwarai: fuskar mai gudu, fuskar mai bi, da Kalalatu a bakin ƙofa, duk a gida ɗaya. Shafi shida sun ishe shi. In da ni za a tambaya wa zan ba, hannun Bulama zan nuna, don shi ya san yadda ake sa fuska ta tona asirin mai ita.

Amma littafin ba tarin labarai ba ne kawai. Ginshiƙinsa aku ne da ke riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da zance, dare bayan dare, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. A littafi na biyu gasar baki ce tsakanin aku da wani akun mai suna Haziƙ, a na uku kuma aku na koya wa ɗansa Fasih sana'ar. Wato jarumin littafin harshe ne. Abin da ke faruwa a zahiri tsuntsu ne a wuri ɗaya yana magana, yaro na saurare. Mai zanen da ya zubar da wannan ginshiƙi ya kwashi labaran kaɗai zai fitar da abin dariya mai kyau, sai dai ya bar Imam a baya, musamman da yake an san yawancin labaran Imam ya samo su ne daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus, da na Indiya, ya yi musu wankan Hausa. Wankan nan a cikin jimlolinsa yake. In ka cire jimlolin ka koma da labarin inda aka ɗauko shi. Wanda kuma ya ce zai riƙe jimlolin duka, zai cika gidajen zanensa da rubutu har hoto ya rasa wurin numfashi.

Ban ce ba zai yiwu ba. Akwai hanya: a sa muryar aku ta riƙa bin saman gidajen a matsayin mai ba da labari, a bar hoto wani lokaci ya saɓa wa abin da akun ke faɗa, a riƙa komowa ɗakin Musa ana nuna fitila na raguwa, bayin Waziri na jira a waje. Wannan aiki ne na wanda ya riga ya ƙware, wanda ya gama littafi biyu ko uku. Bai kamata a ɗora shi a kan wanda zai fara ba, don in aka ɓata Magana Jari Ce sau ɗaya, masu karatu za su daɗe ba su sake amincewa da sigar ba.

Ganɗoki

Littafin wan Imam bai kai na ƙanensa farin jini ba, kuma masu nazari sun sha cewa ginin labarinsa bai daidaita ba: rabinsa tarihi, rabinsa almara. Ni wannan ne ya sa nake ganin ya fi dacewa.

Ganɗoki tsohon mayaƙi ne da yara suka kewaye yana ba su labarin zamanin Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse, da zuwan Turawa, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas. Waɗannan abubuwa ne da suka faru. Kwantagora da Bida sun faɗi a farkon 1901, Sakkwato a Maris 1903, aka yi yaƙin Burmi na ƙarshe a Yulin shekarar. Bello Kagara yana ɗan shekara goma da 'yan kai lokacin da Kwantagora ta faɗi, don haka ba a littafi ya tsinci labarin ba. Daga nan sai littafin ya tashi daga ƙasa: Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas, suka shiga ƙasashen aljannu da dodanni, suna yaƙi suna musuluntarwa, kafin su komo su tarar da ƙasa ta canja.

A rubuce, wurin da tarihi ya haɗu da almara yana da kaushi. A zane kuwa kyauta ce. Mai zane na iya yin kashin farko da siririn layi mai bin gaskiya, kowane sulke da kwalkwali da lifidi a inda yake, sannan bayan Burmi ya saki hannunsa, gidajen su karkace, launi ya sauya, girman mutane ya wuce ƙima. Ba sai an rubuta ko kalma ɗaya ba mai karatu zai gane cewa mutumin da aka ci da yaƙi a fili ya koma yana cin nasara a mafarki. Wannan fassara ce da masu nazari suka daɗe suna yi wa littafin, kuma hoto zai faɗe ta fiye da yadda maƙala za ta iya.

Sai dai akwai nauyi, kuma shi ne dalilin da ya sa na ga dole a yi wannan magana a Minna. Ganɗoki yana alfahari da hare-haren da aka kai wa waɗanda yake kira arna. A shafin rubutu kalma ɗaya ce, ido ya wuce ta. Mai zane ba shi da wannan mafaka. Dole ya ba su fuska, ya zana rumbunansu, da tukwanensu, da matan da ke ɗauke da kaya a kafaɗa, da duwatsun da suke hawa don tsira. Tarihi ya tabbatar da irin ɓarnar da hare-haren Kwantagora suka yi wa ƙasashen Gbagyi da Kambari da maƙwabtansu. Minna garin Gbagyi ne tun asali. Yaron da zai sayi littafin a Bosso ko Chanchaga ko Kpakungu, mai yiwuwa kakanninsa na cikin waɗanda aka kora, abokin zamansa a aji kuma kakanninsa na kan dawakin. In mai zane ya mayar da mutanen nan inuwoyi marasa fuska, ya ɗauki ɓangare. In ya zana su a matsayin mutane alhali kirarin Ganɗoki na tafiya a saman gidan, to ya bar wa littafin muryarsa, ya kuma ƙara masa gaskiyar da zamaninsa bai ba shi damar faɗa ba. Ni wannan nake fata, kuma ina ganin ba cin amanar Bello Kagara ba ne. Girmama shi ne a ɗauki littafinsa da muhimmancin da za a yi masa tambaya mai wuya.

Haka batun sojojin Turawa. Rundunar da Lugard ya yi yaƙi da ita hafsoshinta ne Turawa, amma yawancin masu riƙe da bindiga 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarabawa da sauransu. Mai zanen da ya yi bincike zai ga fuskokin da ke bayan bindiga mai ruwa irin na waɗanda ke gabanta ne. Kuma ƙarshen littafin, inda jarumin ya komo ya ga zaman lafiya da makarantu ya sassauta, an rubuta shi ne don gasar da jami'in mulkin mallaka ya shirya. Yaya fuskar Ganɗoki za ta kasance a wannan gida na ƙarshe? Gamsuwa, ko gajiya, ko haɗiye baƙin ciki? Marubucin bai faɗa ba. Mai zane ba zai iya ƙin amsawa ba.

Duk wannan yana buƙatar zama a kan takardu. Akwai hotuna da rahotanni a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, akwai kayan yaƙi da tufafi a Gidan Makama a Kano, akwai sauran gine-ginen Zungeru inda Lugard ya kafa hedikwatarsa a 1902, tafiyar da ba ta da nisa daga inda muke zaune. Hawan salla a Bida ko Kwantagora kaɗai zai koya wa mai zane yadda doki ke ɗaukar kaya da yadda rawani ke zama a kan mahayi. Na nanata wannan ne don na ga matasa da yawa masu hannu mai kyau waɗanda in an ce su zana mayaƙi sai su fito da na Japan ko na finafinan Amurka, su ɗora masa rawani. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai; abin da suka gani suke zanawa, ba wanda ya kai su inda za su ga nasu.

Ruwan Bagaja da littattafan Ekwensi

Ruwan Bagaja shi ne mafi sauƙi, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Tafiya ce daga gari zuwa gari, kowane zango da abin da ya faru, Alhaji Imam da Malam Zurƙe na rama wa juna tsiya. Ana iya fitar da shi kashi-kashi, kowane gari fitowa guda. Tsawon Zandoro ɗan Shotori kaɗai ya isa ya sa mai zane ya yi wasa da tsawon shafi. Kuma shi ma littafin daga Kwantagora ake ba da labarinsa, wato 'yan'uwan nan biyu gari ɗaya suka sa jarumansu. Wanda ke son ya koyi sana'ar ya kuma sami kasuwa da wuri, nan ya kamata ya gwada hannunsa.

The Passport of Mallam Ilia, wanda aka buga a 1960, tsoho ne a cikin jirgin ƙasa yake ba wani saurayi labarin yadda ya ƙare rayuwarsa yana neman fansar matarsa Zarah a kan Usuman. Akwai wasan shanci, akwai kurkuku, akwai hanyar Makka. Ekwensi da ido yake rubutu, kowace jimla motsi ce, shi ya sa ban yi mamaki ba da kamfanin Magic Carpet Studios na Legas ya ɗauki aikin mayar da shi fim ɗin zane mai motsi. Abin da nake so a lura da shi shi ne mutanen littafin da Hausa suke magana a duniyarsu, Turancin Ekwensi riga ce aka sa musu. Labarin zane da Hausa zai mayar musu da bakinsu. Jirgin ma namu ne: layin dogo na Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911 ta Minna ya ratsa, kuma tashar ce ta raya garin da aka haifi marubucin.

An African Night's Entertainment kuwa, masu nazari sun daɗe da nuna kusancinsa da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, har sunayen Malam Shehu da Kyauta. Duk mai son zana wannan labari sai ya fara yanke shawarar wane littafi yake juyawa, ya kuma ambaci ɗayan.

Gimba da Okri

A nan zan saɓa wa wasu abokaina na wannan gari. Witnesses to Tears da Sunset for a Mandarin da Sacred Apples littattafai ne na tunani da muhawara, na ma'aikatan gwamnati da malamai da iyalai da ke kokawa da lamirinsu. Yawancin abin da ke faruwa a ofis ne, ko falo, ko cikin zuciya. Ana iya zana irin wannan, an kuwa yi a wasu ƙasashe, amma yana son mai karatun da ya riga ya saba da sigar, wanda ba ya jiran takobi. Ba mu kai nan ba tukuna. Ƙaunar da muke yi wa marigayi Gimba ta fi buƙatar a sake buga littattafansa su wadata, a kuma fassara su.

The Famished Road, wanda ya ci kyautar Booker a 1991, matsalarsa akasin haka ce. Hotuna sun yi masa yawa. Jaruminsa Azaro na ganin iskoki a kasuwa da mashaya, kuma ƙarfin littafin shi ne mai karatu ba ya tabbatar da abin da ya gani. Da zarar an zana iska an tsayar da kamanninta, shakkar ta tafi. Ga shi kuma da tsawon da zai cinye shekarun mai zane.

Abubuwan da ke tsakanin buri da aiki

Na farko haƙƙin mallaka, wanda masu roƙo ba su cika tunawa da shi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta sa juya aiki zuwa wata siga cikin abubuwan da sai da izinin mai shi, kuma kariyar tana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Bello Kagara ya rasu a 1971, Imam a 1981, Ekwensi a 2007, Gimba a 2015. Ke nan ko Ganɗoki ba zai zama na kowa ba sai bayan 2041. Dole a zauna da iyalan marubutan da kuma kamfanin NNPC na Zariya da ke buga littattafan Hausan. Ina roƙon matasa kada su zana shafi hamsin su watsa a waya sannan su je neman izini.

Na biyu addini. Malamai sun yi magana a kan zana abu mai rai, kuma akwai saɓani a tsakaninsu game da iyakarsa, musamman abin da aka yi don koyarwa. Littattafan makarantunmu sun daɗe da hotuna, haka bangon littattafan yaƙi na Kano irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda zanen jarumai da dodanni ne ke sayar da su. Duk da haka akwai iyakokin da ba mai hankalin da zai taɓa, akwai kuma wuraren da ya kyautu a tambayi malami tun ana tsara shafi. Ina ganin ma wannan taka-tsantsan na iya haifar mana da salo namu. Muna da zayyanar Alƙur'ani, da zanen bangon gidajen Zariya da Kano, da aska takwas a ƙirjin riga, da aikin tagulla na Bida, da ƙadangaru da kifayen da Ladi Kwali ta riƙa zanawa a jikin tukwanenta. Aljanin da aka gina da irin waɗannan layuka zai fi wanda aka kwaso daga fim ban tsoro, kuma ba wanda zai ce aro ne.

Na uku kuɗi. Shafi guda mai kyau kan ci wa mai zane yini ko fiye, buga launi kuma yana da tsada saboda takarda da tawada daga waje ake shigo da su. Japan ta gina babbar kasuwarta ne da baƙi da fari a kan takarda mai araha, kashi-kashi. Adabin kasuwar Kano ma da ƙananan littattafai masu lamba ɗaya da biyu da uku ya tashi. Hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Na huɗu harshe, kuma a nan ne marubuta ke da aiki. Maganar da za ta shiga bakin mutum a gidan zane gajeriya ce, sai an tace. Kirarin Ganɗoki ba ya tacuwa, don haka a ba shi shafinsa, a rubuta shi da hannu da manyan baƙaƙe ya zama shi ma zane. Sannan Hausa na da arzikin amsa-kama da ya fi na Turanci nesa ba kusa ba: tim, ƙwal, fyau, rigijib, tsit. Abin takaici ne a ga an zana faɗuwar ƙato an rubuta ƙarar da haruffan Turanci alhali muna da rigijib. A kuma tabbatar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, don yawancin haruffan kwamfuta da aka ƙera domin labarin zane ba su da su, sai an ƙara da hannu.

Masu yin aikin suna nan kusa. Gidauniyar Hill-Top da B. M. Dzukogi ya kafa ta shafe shekaru tana renon matasan marubuta a wannan gari, kuma bikin da take shirya wa 'yan makaranta yana haɗa masu rubutu da masu zane a rumfa ɗaya. Akwai ɗalibai a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da Kwalejin Ilimi ta nan Minna da jami'ar Lapai, ga sashen koyar da zane na Zariya da ya fitar da su Onobrakpeya, wanda yanzu yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Shawarata ita ce a haɗa mutum huɗu: mai zane, marubucin da ya iya Hausar tsofaffi, masanin tarihin Kwantagora da Nupe, da mai karatu Bagbagyi wanda za a ba ikon cewa wannan shafi bai yi ba. Su ɗauki kashin farko na Ganɗoki kaɗai, daga Kwantagora zuwa Burmi, cikin baƙi da fari, shafi arba'in zuwa hamsin. Kafin a ja layi na farko, reshen Ƙungiyar Marubuta na Jihar Neja ya rubuta wa iyalan Bello Kagara da kamfanin da ke buga littafin takardar neman izini.